Karnukan Bok-rye da Daɓen Malam Pyo

A shekarar 1983, cikin watan Oktoba, ana gama yankan shinkafa, Malam Pyo Dong-seop ya fara haɗuwa da Chu Bok-rye. Ranar Alhamis ce. Ya tabbata da haka domin ya rubuta, shi kuwa tun yana makarantar mishan a Mokpo aka saba masa da rubuta rana da wata kafin ya rubuta komai. An turo shi ƙauyen Galmok ya koyar a firamare, ya sami gida mai ɗaki biyu a bakin hanyar da ke gangarawa teku.

Matarsa Jeong-ae ta ce ba za ta shimfiɗa katifarta a kan daɓen da wasu suka bari ba. Ta ɓamɓare tsohuwar takardar daɓen, ta liƙa sabuwa mai kauri, falle kusa da falle. Ta jiƙa waken suya ta niƙa, ta haɗa da man riɗi, ta ƙulle a ƙyalle tana goga wa takardar. Aikin ba ya son gaggawa. A shafa, a hura 'yar wuta a murhun da ke ɗumama daɓen ta ƙarƙashin ɗakin, a jira ya bushe, a sake shafawa, har takardar ta yi launin zuma, ruwa ya daina kama ta. Kafin nan ko maigida ba ya taka wurin. A rana ta bakwai ta yi shafi na huɗu, ta buɗe ƙofa domin iska ta shiga.

A lokacin ne Bok-rye ta hauro daga bakin teku, laka har cinya, da kwando a ka. Ta zo yi wa baƙi maraba da kifin nan mai ƙafa takwas da ta tono a rami. Bayanta akwai kare, sunansa Gamja. An ce ja ne, amma ran nan toka-toka yake tun daga kunne har wutsiya. Kafin a gama gaisuwa ya ratsa tsakanin ƙafafun mutane, ya haye dakali, ya shige ɗakin, ya je har ƙurya ya sunsuna bango, ya fito abinsa.

Jeong-ae ta goge abin da hannunta ya kai, daga baya ta sake fallayen bakin ƙofa da ragowar takardar da ta rage mata. Na ƙurya kuwa ba yadda za ta kai gare su ba tare da ta taka man ba. Laka ta nutse cikin man, takarda ta sha, ta bushe da ita. Malam Pyo ya ƙirga washegari: sawu goma sha ɗaya, kowanne da yatsunsa huɗu.

Bok-rye ba ta ce a yi haƙuri ba. Ta leƙa ɗakin, ta dubi matar malamin tun daga sama har ƙasa.

"Wa yake barin ƙofa buɗe a garin laka?" in ji ta.

Ta ajiye kwandon a dakali ta tafi. Sun ci kifin da yamma, Jeong-ae na ci tana ƙwafa.

Sai daga baya Malam Pyo ya ji labarin karen. Mijin Bok-rye ya tafi da jirgin kamun kifi a 1978 bai dawo ba, ya bar ta da ɗa guda, Man-su. Ita ta shiga laka. A Galmok in ruwan teku ya janye yakan bar fili mai santsi iya ganinka, mata su bi shi suna tonon ƙumba da ƙaguwa, su juyo kafin ruwa ya dawo. Shekara guda bayan mutuwar mijin, hazo ya rufe ta a can ciki ita kaɗai. Ba ta ganin tafin hannunta, ga ruwa ya fara lasar idon sawunta, ba ta san inda gabas take ba. Gamja ne, yana ɗan kwikwiyo, ya yi ta haushi yana gaba tana bin muryarsa har ƙafarta ta taka dutse. Tun daga ranar ba ta sake shiga laka ba kare ba, ba ta kuma sake ɗaure kare ba.

A ƙauyen kowa yana da kare, amma wurin kare sananne ne: gindin ƙofa, da sarƙa mai tsawon taki ɗaya, da kwanon ragowar miya. Lokacin zafi mai sayen karnuka yakan zo da motarsa da lasifika yana kira, waɗanda suka gaji da nasu su miƙa. Bok-rye kuwa nata a ɗaki suke kwana, a kan daɓen da take ci take barci. Mata suka yi ta magana. Wata ta ce ita ba za ta ci abincin gidan da kare ke shiga ɗaki ba. Bok-rye ta aika mata da farin ƙyalle, ta ce ta zo ta goga a duk inda ta ga dama, in ya yi datti ita Bok-rye za ta cinye ƙyallen a gabanta. Matar ba ta zo ba.

Gaskiya ne, daɓenta ya fi na kowa tsafta, amma ba a banza ba. A ƙofar gidanta akwai baho uku a jere. Na farko ruwan sama ne na jiƙa laka, na biyu da sabulu, na uku na ɗauraya. Karnukanta sun san ƙa'ida. Su tsaya, su miƙa ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ta bi tsakanin yatsu da tsohon buroshin haƙori, ta share ciki da ƙirji da tsofaffin singiletin mijinta. Sau biyu a rana, rani da damina, har da lokacin da ruwan bahon ke daskarewa sai ta fasa da gatari ta zuba na zafi. Malam Pyo ya taɓa duba agogo: minti goma sha huɗu ga kare ɗaya. Ya ce mata in aka haɗa na shekara ya kai kwanaki. Ta ce ai ba ta roƙe shi ya haɗa ba.

Abin mamaki, Jeong-ae da Bok-rye sun zama aminai, kodayake kullum da tsiya suke gaisawa. Duk bayan 'yan shekaru Jeong-ae takan sake takardar ɗakin, amma fallen ƙurya ba ta taɓa cire shi ba. Kowace kaka sai ta ƙara masa mai, sawun nan suna ta fitowa fes kamar an zana. Ta ce tana ajiye su ne har ranar da uwar Man-su za ta ji kunya ta ba da haƙuri. Ita kuwa Bok-rye duk ranar da ta shigo, a kansu take zama, ta miƙe ƙafa, ta ce nan ne wuta ta fi kamawa. Haka suka yi shekara ashirin da uku. Jeong-ae ta rasu a 2006 ba ta ji haƙurin ba. Bok-rye ce ta wanke kwanukan zaman makoki kwana uku, ba ta yi kuka a gaban kowa ba.

Kafin nan ta riga ta yi abin da ya fi na karnuka jawo magana. A 2004, tana da shekara sittin da ɗaya, ta koyi tuƙi, ta sayi wata 'yar farar mota kwance. Man-su ya bugo waya daga birnin Incheon ya ce ta dubi shekarunta. Ta ce ta duba, suna nan. Mutane suka ce farar mota a Galmok, da karnukan laka, ba za ta yi wata guda ba. Bok-rye ta ɗinke buhunan shinkafa shida ta yi wa kujeru riga, ta shimfiɗa tsohon bargo a kai. Ta kuma gano cewa lakar mota ba irin ta ƙafa ba ce. Ta ƙafa wankewa ake yi tana ɗanya. Ta kujera in ka goge ta da jiƙa ka dasa ta ke nan. Barinta ake yi ta bushe ta zama gari, a kakkaɓe da tsintsiya. Duk Asabar takan fitar da buhunan ta shanya a igiya, ta wanke motar ciki da waje, har tayoyi.

Motar bas sau biyu take shigowa ƙauyen a rana, matasa kuma sun watse birni. Saboda haka motar Bok-rye ta zama ƙafar tsofaffin mata. Ita ke kai su kasuwar Muan duk bayan kwana biyar, ita ke kai su wurin mai allurar gwiwa, ran Lahadi ta sauke masu zuwa coci a coci ta wuce abinta. Su uku a baya a matse, karnuka biyu a gaba, Daechu da ɗanta Meju, jikokin jikokin Gamja. Tsofaffin sukan yi mata tsiya, wai a duniya a motarta kaɗai kare ke zaman gaba mutum na baya. Ta ce duk wadda ta yarda a wanke mata ƙafa da buroshin haƙori kafin ta shiga, ta dawo gaba.

Rigimar ta tashi a watan Yuli na 2011, tsakiyar damina. An gina wa ƙauyen sabon ɗakin taro, inda tsofaffi za su riƙa wuni suna cin abinci tare. Ranar buɗewa aka jera ƙaramin tebur da wainar shinkafa da kan alade da giya, kamar yadda ake yi wa sabon gini, ga baƙi daga gari. Mai unguwa Gwak ya sa fararen kaya. Ruwan teku kuwa bai san da biki ba, da asuba ya janye, don haka Bok-rye daga laka ta zo kai tsaye da ƙumbar da ta yi alkawarin kawowa ta miya. Ta bar karnukan a waje ta ce su zauna. Daechu ta zauna. Meju, da bai cika shekara ba, ya ji ƙanshin nama. Ya shiga ta ƙofar da aka bari buɗe, ya ratsa sabon daɓen, ya tsaya daidai inda mai unguwa ke durƙuso gaban tebur, ya girgiza jikinsa.

Bok-rye ta fitar da shi, ta dawo da bokiti ta wanke daɓen a gaban baƙi ba tare da ta dubi kowa ba. Wainar dai ta ɓaci, kayan mai unguwa kuma ba su sake yin fari ba.

Kwana uku bayan haka Gwak ya kira taro a wannan ɗakin. Maganarsa ɗaya ce: daga yau duk karen da ke Galmok a ɗaure shi, wanda ya ƙi, in mai lasifika ya zo a makon gobe a miƙa masa. Kowa ya san kare biyu ne kaɗai ba sa ɗaure a ƙauyen. Maza suka gyaɗa kai. Bok-rye tana zaune kusa da ƙofa, hannu a kan gwiwa.

Gwak ya ce ba yau aka fara ba, akwai shaida. Ya juya wajen Malam Pyo, wanda tuni ya yi ritaya ya sayi gidan ya zauna, kuma shi ne dattijon coci, ba a taɓa jin ya faɗi abin da ba haka ba. Ya roƙe shi ya gaya wa jama'a abin da ke ƙuryar ɗakinsa.

Malam Pyo ya daɗe yana jin haushin karnukan nan. Sun tone masa albasa sau biyu, kuma har ran nan in ya tuna fuskar matarsa a ranar Alhamis ɗin nan ransa yakan sosu. Amma ya tuna wadda ke zama a kan sawun tana miƙe ƙafa, da yadda Jeong-ae ke dariya bayan ta tafi. Ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa.

"Sawu goma sha ɗaya ne, mai unguwa, ban ƙara ban rage ba. Ranar ashirin ga Oktoba, 1983. Daga ranar zuwa yau shekara ashirin da bakwai da wata tara, kare bai sake shiga ɗakina ba. Kai kuwa ka shiga da takalmin gona sau uku, duk bayan bikin girbi, kana neman ƙofar gidanka. Su ma na rubuta ranakun, in ana buƙata."

Tsofaffin mata suka fashe da dariya, wata har tana bugun daɓe. Gwak ya ce ba wasa ya tara mutane ba, ya nemi Bok-rye ta ba jama'a haƙuri ta kuma karɓi sarƙa, a wuce wurin.

"Karena ne ya yi, ni na wanke," in ji Bok-rye, ba ta ɗaga murya ba. "Sarƙa kuwa, Gwak, na san ka tun kana yawo ba wando. Ran da hazo ya rufe ni ba kai ka fito da ni ba. Karen da aka ɗaure ba ya shiga laka, ni kuma ba na shiga ba shi. Motata ma ba ta tashi ba su. Ku ɗaure su, ku ɗaure ta tare."

Nan dariyar ta tsaya. Tsofaffin suka dubi juna, kowace na lissafin nisan Muan da gwiwarta. Uwar mai unguwan kanta, mai shekara tamanin da shida, wadda ke da zaman taga a kujerar baya, ta ce wa ɗanta ya zauna, ya ishe su haka. Da aka ce a ɗaga hannu, mata sun fi maza yawa a Galmok kusan ninki biyu, maganar sarƙa ta faɗi. Mai lasifika ya zo a makon da aka ce, ya yi kiransa ya wuce.

Bok-rye ba ta yi wa Malam Pyo godiya ba. Washegari ta kawo baho ta ajiye a ƙofar ɗakin taron da tsumma a gefe, ta ce duk mai shiga ya wanke ƙafa, mai biyu ko mai huɗu. Bahon yana nan har yau. Ta kuma yi wata uku tana horar da Meju a bakin kowace ƙofa ta ƙauyen, har ya zama ko an ajiye masa nama a ciki sai dai ya zauna a waje yana haɗiyar yawu.

Malam Pyo kuwa tun rasuwar matarsa bai taɓa daɓen ba. Bai iya aikin ba, ba ya kuma son hannun wani a kai. Man ya bushe, takarda ta tsage, bakin fallaye ya ɗaga. 'Yarsa ta ce a shimfiɗa na roba kamar na kowa, ya ƙi. A watan Nuwamba na 2016 yatsan ƙafarsa ya sarƙe a bakin wani falle da ya ɗaga, ya faɗi ya karya ƙugu. Bok-rye ce ta ji kiransa tana wucewa, ita ta kai shi asibiti a Mokpo, kwance a kujerar baya a kan buhunan shinkafa, Meju na leƙo shi daga gaba. Ya bar mata mabuɗi ta riƙa ba kajinsa hatsi.

Mako bakwai ya yi. Ranar sallama ita ta zo ɗaukarsa. Shekarunta saba'in da uku a lokacin, ya lura tana shiga motar da ƙyar, tana ɗaga gwiwa da hannu. Ya tambaya, ta ce sanyi ne. A hanya ta ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure, ta ce kazarsa ɗaya ta daina ƙwai saboda ta gaji da jin waƙoƙin coci.

Da suka isa ya ga an ɗaure ƙofar ɗakin da igiya, ƙulli uku. Ta kwance. Ƙanshi ya fara tarar sa, na wake da man riɗi, wanda bai ji ba shekara goma. Daɓen sabo ne daga bango zuwa bango, launin zuma, hasken taga na kwance a kai. Ya san abin da hakan ke nufi. Babu sauran mai wannan aiki a ƙauyen, kuma ba a yin sa a tsaye. Ya sunkuya iya abin da ƙugu ya bari ya taɓa da yatsa. Ya ce wannan ya kai shafi shida.

"Bakwai," in ji ta. "Cire takalmi, Malam."

Ya dubi ƙurya. Babu sawu. Sai ya ga abu a kan akwatin tufafin matarsa: tsohon fallen ne, an yanke shi da kyau ba a taɓa ko yatsa ɗaya ba, an manna shi a kan allo, an ƙara masa mai. Ya ƙirga ba da niyya ba. Goma sha ɗaya.

Ya juyo zai yi magana, amma Bok-rye ta riga ta sauka daga dakali. Meju na zaune a bakin ƙofa, ƙafafunsa biyu daidai kan iyaka, bai ƙetare ba. Ta ce akwai miya a kan murhu, ruwa kuma zai janye ƙarfe biyu, ba ta da lokacin tsayuwa. Ta kira karen suka gangara.